Shekarar da Zanina Ya Ƙi Zama

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, kuma ku nake wa magana, ke Hadiza da ƙannenki, da matan 'ya'yana, domin na gaji da jin labarina a bakin mutanen da ko ƙofar ɗakin tiyata ba su taɓa gani ba. A bikin jikata da aka yi bara ina zaune bayan rumbu ina tsintar shinkafa, na ji wata baƙuwa daga Zakirai tana tambayar wace ce mai nonon robar nan da ake faɗa, ana yi mata nuni da baki. Ban tanka ba, don ba zan ɓata wa jikata biki ba, amma a raina na ce wallahi sai na rubuta. Wasu suna cewa babanku ne ya matsa mini a sa. Wasu suna cewa likitocin Masar ne suka cusa mini ina cikin barcin allura, ban san hawa ba ban san sauka ba. Waɗannan su ne masu tausayina, masu neman su wanke ni. To ku ji da kyau, ba na neman wankin kowa. Ni Yagana da bakina na ce a sa, ina cikin hankalina, kuma da bakina na ce a cire.

Ni Babarbariya ce, a cikin Kano aka haife ni, kakanninmu ne suka zo daga gabas da fatauci suka zauna. Aure ya kawo ni wannan ƙauye namu na arewa da Bici, inda gona take manne da gona, in ka yi tari a gidanka maƙwabci ya ce maka sannu. Gidan gandu na tarar, babanku Malam Sule da 'yan'uwansa da matansu, tsakar gida ɗaya, turame uku a gindin darbejiya. Ku yaran yanzu da ke aiki cikin doguwar riga ba za ku gane ba, amma a gidan nan mace da ɗaurin ƙirji take wuni. Zani ɗaya za ki ɗaura ƙarƙashin hammata ki soke, da shi za ki yi surfe, ki yi daka, ki matse ƙuli, ki yi wanke-wanke. Ba mai sa riga a gaban turmi sai baƙuwa ko marar lafiya. Kuma kan matan gidan duka akwai Yaya Delu, yayar babanku, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Ita ke karɓar haihuwa, ita ke haɗa magani, ita ke wanke gawar mata. Dukkanku a hannunta kuka faɗo. Kada wanda ya karanta wannan ya ce na kira ta muguwa. Mace ce mai zafi mai amana, kuma ni ma ba sanyi gare ni ba, shi ya sa muka daɗe muna shiri.

Bayan na yaye Auta na ji ƙullutu a nonona na hagu. Yaya Delu ta taɓa, ta ɓata fuska.

"Daji ne," ta ce. "Kuma daji ba ya son ƙarfe. Ko allura aka soka masa ya fusata, balle wuƙa."

Haka duk garin ya yarda, har yau ma akwai masu cewa haka. Yayana Alhaji Bukar, mai cinikin riɗi a Dawanau, shi ne bai yarda ba. Yana da abokan ciniki a Masar, ya zo ya ce wa babanku zai kai ni can a duba. Ranar tafiya Yaya Delu ta cusa mini ƙullin sassaƙe a akwati.

"Ki jiƙa ki sha safe da yamma, Babarbariya. Su duba ki da ido, amma kada ki yarda su taɓa ki da ƙarfe."

A can likita ya ce ta bakin tafinta sai an cire nonon gaba ɗaya. Wallahi ba wuƙar ce ta sa ni kuka ba, turmi na tuna. Na ga kaina a gindin darbejiya, gefe ɗaya a shafe, zani yana zamewa duk lokacin da na ɗaga taɓarya, mata suna kau da kai don tausayi. Ko kuma in koma sa riga ni kaɗai, kowace safiya ina shelar abin da ya same ni. Shekaruna a lokacin ba su wuce arba'in ba. Da likitan ya ga yadda nake, ya ce akwai abin da ake sakawa a madadinsa, ƙarƙashin fata. Na ce a kawo in gani. Ni 'yar fatake ce, ba na karɓar kayan da ban taɓa ba. Aka miƙo mini irinsa, na juya shi a hannu. Taushi gare shi kamar koko a leda, amma bayansa da kaushi-kaushi, irin na sabuwar tukunyar ƙasa. Yaya Bukar ya kira mini babanku a waya, na gaya masa komai.

"Yagana, jikinki ne," ya ce. "Ki dawo mini da rai kawai."

Aka yi. Na zauna gidan Yaya Bukar a Kano wata da watanni ina karɓar magani, har gashina da ya zube ya fara tsirowa, sannan na dawo ƙauye. Safiyar farko na fito da ɗaurin ƙirji, na soke zanina, ya zauna daram. Yaya Delu ta dube ni sama da ƙasa, sai ta rangaɗa guɗa.

"Kun gani? Biyu ta tafi da su, biyu ta dawo da su! Na ce muku sassaƙen nan ba ya ƙarya."

Ban ce maganinta ne ba, ban ce ba shi ba ne. Abin da ke ƙarƙashin zanina ba aikin gayya ba ne da za a tara wa mutane. Babanku ya sani, yayana ya sani, Allah ya sani, ya ishe ni. Kusan shekara goma na yi ina daka da tsarata, na aurar da ku uku, na sauke farali, ba wanda ya taɓa yi mini kallon rabin mace. Duk wanda ke jira in ce na yi nadamar waɗannan shekarun, ya gyara zama, zai daɗe.

Shekarar da nake son ba ku labari, abin ya fara ne da damina, an gama maimai, gero ya fara ciki. Na tashi na ji gefen hagu ya yi nauyi. Babu zafi sosai, sai dai tauri da tsami. Kafin mako ya zagayo ya fi ɗan'uwansa girma ƙarara, fatar ta ɗame tana sheƙi. Zanin da ya zauna mini shekara da shekaru ya fara ƙin zama, in na soke ta nan ya kwance ta can. A gaban turmi Yaya Delu ta lura, don idonta ba ya barin komai.

"Ya dawo," ta ce, ba ta ko rage murya ba. "Kin daina shan sassaƙen ko? Na sani. Ku 'yan birni da kun ji sauƙi sai ku watsar."

Nan da nan ta hau haɗa mini na sha da na hayaƙi da na shafawa. Na shafawar na ce ta bar mini a ɗaki, ni zan shafa da kaina. Na sha na shan, don ba zan zubar da wahalarta ba, amma kumburi sai gaba yake. Ranar wata kasuwa na ce zan je ganin Hadiza da ke aure a Bici, ta raka ni wani ƙaramin asibiti, na bar ta a benci na shiga ni kaɗai. Na gaya wa ma'aikacin akwai roba a ciki, kada ya huda ta. Ya zaro ido kamar na ce masa aljana ce ni, sannan ya lallaɓa ya soka sirinji ta gefe ya zuƙo ruwa, launin ruwan ɗorawa, mai yawa. Ya juye a bokiti, ya ba ni kafso, ya ce in Allah ya yarda shi ke nan. Na dawo gida sakayau. Kafin a fara yankan gero ruwan ya sake taruwa, har ya fi na da. Yaya Delu kuma ta hango filasta ta gefen hammatata.

"Innalillahi! Allura kika bari aka soka masa? Yagana, kashe kanki za ki yi? Ga shi nan ya fusata!"

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kowa a tsakar gidan ya ga kamar maganarta ta fito. An soka, ya ƙaru, wa zai yi musu? Na kira Hadiza a waya na ce ta shirya, Kano za mu, babban asibiti.

Likitar da muka samu mace ce, ba za ta girmi Hadiza ba, siririya, ba ta da yawan fara'a. Ta ce ko 'yata za ta jira a waje. Na dubi Hadiza, na ce a'a, ta zauna, ta isa ta ji. A nan ke Hadiza kika fara jin cewa nonon da kika sha na hagu a Masar aka bar shi. Na ga kin dafe baki, hawaye na zubo miki, na ce ki share, ba gawa kika kawo ba. Likitar ta shafa mini wani mai, ta ɗora irin na'urar da ake duba masu ciki, ta daɗe tana kallo. Sannan ta yi mini tambayar da ba wanda ya taɓa yi mini.

"Mama, robar da aka sa miki, ko kin san mai santsi ce ko mai kaushi?"

"Mai kaushi ce. Na riƙe irinta a hannuna."

"Kin tabbata?"

"'Yata, ni in na taɓa kaya ba na mantawa. Kamar bayan sabuwar tukunya take."

Ta ajiye biro. Ta tambayi ruwan da aka zuƙe a baya, na ce yana bokiti. Ta girgiza kai.

"Wannan ruwan ba na zubarwa ba ne, Mama. Shi ne zai gaya mana abin da ke damun ki."

Ta sake zuƙa tana kallon na'ura, wannan karon a kwalabe aka zuba, aka rufe, aka ce sai an aika wani wuri mai nisa, don ba ko'ina ake irin gwajin ba. Aka yi mini hoton jiki gaba ɗaya. Muka dawo gida jira. An yanke gero, an ɗaure, an fara cirar gyaɗa, ni ina zaune da abu a ƙirji kamar na goya yaro ta gaba. Tsoro na ji a wannan jiran, ba zan ɓoye muku ba. Da muka koma likitar ta jawo kujerarta kusa da ni.

"Ba tsohon ciwon ne ya dawo ba," ta ce. "Wani ne daban, sunansa limfoma. Jiki idan aka sa masa baƙon abu yakan saƙa masa jaka ya kewaye shi. A jikin wasu mata ƙalilan, galibi masu irin mai kaushin nan, ƙwayoyin da ke tsaron jiki sukan yi ta faɗa da shi shekara da shekaru har su lalace su zama daji. Naki yana cikin ruwan da jakar, bai fita ba tukuna."

"Wato robar ce ta jawo?"

"Ita ce. Lokacin da aka sa miki ba a gama sanin haka ba. Ba kasafai ake samunsa ba, ni kaina a karatu na san shi, ke ce ta farko da na gani da idona."

Na ce ta sake faɗin sunan. Na maimaita shi har ya zauna a bakina, don ba na son abu ya zo kashe ni in kasa kiran sunansa. Ta ce maganinsa tiyata ce, a ciro robar tare da jakarta ɗungurungum, ba a bar ko ɓarɓashi ba. In an yi haka da wuri, yawanci shi ke nan. In an bar shi, zai huda jakar ya shiga ƙirji da hammata, a lokacin aikin ya zama babba.

A mota Hadiza ta ce mu ɓoye, mu ce Kano zan je hutawa kamar wancan karon. Na ce wancan karon na dawo da biyu, wannan da ɗaya zan dawo, a ina za ki ɓoye shi? Washegari bayan la'asar na aika aka kira mini babanku da Yaya Delu ɗakina, Hadiza na zaune a bakin gado. Mata suna sussuka a waje, ana jin taɓare. Na ce tiyata za a yi mini. Yaya Delu ko zama ba ta gama yi ba ta miƙe.

"Ba a gidan nan ba. Sule, kana ji? Na warkar da ita sau ɗaya ba wuƙa, zan sake warkar da ita. Allura ɗaya aka soka mata, dubi yadda ta koma."

Babanku ya sunkuyar da kai. Hadiza ta riga ta gaya masa abin da likita ta ce, kuma na ga maganar ta shige shi. Ya yi magana a hankali, don shi bai taɓa ɗaga mini murya ba.

"Yagana, abin da suka sa miki ne fa ya jawo. Da bakinsu suka faɗa. Yanzu kuma su ɗin za ki koma wa?"

"Me suka sa mata?" in ji Yaya Delu.

Babanku ya dube ni. To ni ba na son rabin magana. Na miƙe na kwance zanina, na tsaya a gabanta. Ta ga tabon da ya ratsa daga nan zuwa hammata, ta ga babu kan nono, ta ga fata a ɗame kan abin da ba nama ba. Ita da ta wanke mata ba adadi, ba sai an yi mata bayani ba.

"Tun a Masar aka yanke shi, Yaya. Ƙarfe ne ya cire mini dajin farko, shi ya ba ni shekarun nan da kika gani. Wannan roba ce, ni na ce a sa don zanina ya zauna. Ƙullinki kuwa yana nan ƙasan akwati, ko kwance shi ban yi ba."

Da zan iya janye kalma ɗaya a rayuwata, ta ƙarshen nan ce, don ba ta da amfani, zafin rai ne kawai. Amma sauran duk gaskiya ne kuma dole a faɗa. Yaya Delu ta yi tsaye kamar an kafe ta. Na zaci zagi za ta yi, sai na ga ta dafe nata ƙirjin da hannu. A lokacin na ɗauka baƙin cikin sunanta ne, ita da ta zagaye garuruwa tana ba da labarin yadda ta warkar da Babarbariya.

"Shekara goma kina kallona ina guɗa," ta ce. "To ki ji. Ni ke wanke matan gidan nan. In kika tafi suka yanka ki kika mutu, hannuna ba zai taɓa gawarki ba."

"Ki huta, Yaya. Ba yanzu zan mutu ba."

Ta fita. Taɓaren waje duk sun tsaya, wato kowa ya ji. Na juya wurin babanku ina ɗaura zani. Na ce Malam, e, robar ce ta jawo, ban musa ba. Amma ba don ita ba da shekara goman nan a ɗaki zan yi su, kuma ba don wuƙar farko ba da Auta bai san fuskata ba. Wancan karon ka ce jikina ne. Ya canza mai shi ne? Sai ya ce zai nemo mota. Shi ya raka ni, shi ya kwana a barandar asibiti, amma na san har aka tura ni ɗakin tiyata zuciyarsa rabi tana wurin maganar yayarsa.

Kafin aikin likitar ta tambaye ni ko nan gaba zan so a sa mini wata, mai santsi. Na ce a'a. Ta ce ta fahimta, na tsorata. Na ce ba ki fahimta ba, 'yata. Wancan lokacin ina da abin ɓoyewa, yanzu duk garinmu sun sani, wa zan sa wa? An yi aikin, an ciro robar da jakarta ba ta fashe ba, aka bar mini siririn bututu a gefe yana tsiyayar da ruwa na 'yan kwanaki. Aka aika jakar gwaji, sakamako ya dawo cewa ciwon bai tsallaka ko'ina ba, ba sai na sha maganin nan mai zubar da gashi ba. Sai dai zuwa dubawa, wanda na yi ta yi shekara da shekaru, har likitar ta gaji da ganina ta fara yi mini dariya.

Kada ku ɗauka na dawo aka tare ni da guɗa. Masu zuwa sannu sun zo, amma ƙirjina suke gaisarwa. Gidajen da ke aiko yara sayen ƙulina suka ɗauke ƙafa na wani lokaci, wai ba a san abin da ke jikina ba. Wani mai wa'azin kasuwa, da ban san wa ya kai masa ba, ya yi ta magana kan matan da ke canza halittar Allah. Na aika masa ta bakin babanku cewa in ƙafarsa ta guntule aka ba shi ta katako, ya ƙi karɓa, sannan ya zo mu yi magana. Matan gida kuma, don kirki, suka ɗinka mini riguna masu faɗi. Na gode musu na ninke a akwati. Ranar da likita ta ce zan iya ɗaga hannu in yi aiki, na fito da ɗaurin ƙirji, gefe ɗaya a shafe, na ɗauki taɓarya. Bugu na uku zani ya zame, na tare shi da hammata. Ba wadda ta yi dariya, ba wadda ta ɗago kai, kuma wannan shirun ya fi dariya ciwo. Na koma ɗaki na yagi bakin tsohon ɗankwali, na ɗinka wa zanin igiya na rataya a kafaɗa, na dawo na ƙarasa dakana. Abin da na tsallaka har Masar don guje masa, ga shi na yi shi, kuma ƙasa ba ta tsage ba.

Yaya Delu ce ba ta dawo mini kamar da ba. In na gaishe ta ta ce lafiya, ta wuce. Ta daina ce mini Babarbariya, sai Yagana, in ta kama dole. Abincin da na dafa takan ce ta ƙoshi. Wannan shi ne abin da ya fi yi mini ciwo a cikin lamarin duka, ya fi tabon, domin matar nan ta riƙe ni a naƙuda sau bakwai. Amma ban je na ba ta haƙuri kan na rayu ba, kuma ko yau ba zan ba da ba. Kaka biyu muka yi a haka. Na lura ta fara sa riga a gaban turmi, na ce tsufa ne, sanyi take ji. Daga baya ta daina fitowa dakan ma.

Wata rana da hantsi ta aiko a kira ni. Na tarar da ita a kwance, ɗakin na warin hayaƙin magani da wani wari da na sani. Ta ce in rufe ƙofa. Ta kamo hannuna ta cusa ƙarƙashin rigarta. Ya yi tauri kamar dutse, ya fashe ta gefe, har hammata duk ƙulle-ƙulle ne.

"Yaya! Tun yaushe?"

"Tun kafin naki ya kumbura."

Nan na gane abin da ta dafe a ɗakina ranar da na kwance zani. Sassaƙen da take ba ni shi take sha, kuma ni ce shaidarta cewa yana aiki. Duk safiya in ta gan ni a gaban turmi da biyu, sai hankalinta ya kwanta. Na ce ta tashi mu tafi Kano yanzu-yanzu. Ta yi murmushi ta ce ita ma ta san aikinta, ta san lokacin da abu ya wuce. Duk da haka na kai ta, da faɗa da komai. Likitata ta duba ta, ta ja ni gefe, ta ba mu maganin rage zafi. A hanyar dawowa Yaya Delu ta jingina da kafaɗata, daidai kan igiyar zanina.

"Babarbariya," ta ce, "ke za ki wanke ni. Kuma ki gaya wa yaran nan mata. Ki ce ni na ce."

Ba ta ga damina ta gaba ba. Ni na wanke ta, ni na sa mata likkafani, kuma ga shi na gaya muku kamar yadda ta ce. Duk wadda ta ji ƙullutu ko kumburi a jikinta a cikinku, ta zo ta same ni kafin ta je wurin kowa, in na mutu kuma ta je wurin Hadiza. Wanda ya ce muku daji ba ya son ƙarfe, ku ce masa a gidanmu mata biyu suka gwada, ɗaya ce ta rage tana ba da labari. In kuma kun sake jin wata baƙuwa na tambayar mai nonon roba, ba sai an yi nuni da baki ba. Ku kawo ta gindin darbejiya da hantsi, za ta same ni a gaban turmi, da igiya a kafaɗa.